Mun koma Vite, amma README ɗinmu yana nan yana cewa npm start

Ɗan Mabera

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nike nema wurin waɗanda sunka riga mu daɗewa a harkar nan.

Mu uku ne a wani ɗan ofis da munka kama haya kusa da titin Emir Yahaya. Muna da manhaja da makarantu masu zaman kansu ke shigar da makin jarrabawa da ita, su fitar da sakamako, su bi sawun kuɗin makaranta. Fuskarta, wato abin da mutum ke gani a burauza, da React munka gina ta; bayanta, mai ajiye bayanai, da Laravel. Tun farko Create React App ke harhaɗa mana ita. A watan Fabrairun 2025 masu React sunka sanar cewa sun yi masa ritaya, kada a ƙara fara sabon aiki da shi. Amma abin da ya kore ni ni dai jira ne. Kwamfutata tsohuwar HP ce, in na buga `npm start` sai in zauna ina kallon allo, fankarta na ta kuka, batir na sauka, ga ba wuta. Da dogon hutu ya zo, makarantu sun rufe, na zauna kwana huɗu na maida komai kan Vite 7, wani kayan harhaɗawar da ya fi shi sauri. Yanzu kafin in ɗauke hannu daga madannai shafi ya buɗe. Alhamdu lillahi, ta wannan gefen ba ni da ƙorafi.

Abin da ban taɓa ba shi ne README, wato takardar da ke bayanin yadda ake girka aikin a tada shi. Ko buɗe shi ban yi ba.

Makon jiya wata ɗaliba ta zo mana aikin koyon sana'a na SIWES. Ranar da ta fara ina hanyar zuwa wata makaranta a Arkilla, sai na ce mata ta sauke aikin daga GitHub ta bi abin da ke cikin README. Ta bi shi layi-layi, yadda ya kamata mai koyo ya yi. Takarda ta ce ta girka Node 18, manhajar da waɗannan kayan aiki ke gudana a kanta, ta girka. Ta ce ta buga `npm start`, ta buga, aka ce babu wannan umarni. Ta leƙa cikin package.json da kanta ta gano `npm run dev`, sai jan rubutu ya cika allo, don Vite 7 ba ya tashi sai da Node 20.19 ko 22.12 zuwa sama. Ta sake sauke Node da datarta. Ta buɗe localhost:3000 kamar yadda aka rubuta, ba kowa, don Vite a 5173 yake zama. Duk wannan ta haye shi ita kaɗai.

Inda ta maƙale shi ne wurin da ba a nuna mata kuskure ko ɗaya ba. README ya ce a buɗe fayil ɗin saiti mai suna .env a sa adireshin ɓangaren Laravel a `REACT_APP_API_URL`. Ta sa. Shafin shiga ya buɗe lafiya lau, da tambarinmu da komai, amma in ta danna maɓallin shiga ba abin da ke motsi. Vite ba ya miƙa wa burauza wani saiti sai sunansa ya fara da `VITE_`, ni kuma na riga na canja kod ɗin zuwa `import.meta.env.VITE_API_URL`, don haka manhajar tana ta aika saƙo ga adireshin da ya fara da kalmar undefined. Kwana biyu yarinyar nan tana kan wannan. Ba ta faɗa mini ba, a zatonta ita ce ba ta iya ba. Sai ranar Laraba da na ga ta yi shiru da yawa na matsa mata da tambaya, ta juyo mini kwamfutar, idonta ya yi ja. Cikin minti ɗaya na gano kuskuren. Wannan minti ɗayan shi ya fi damuna, don na san laifin ba nata ba ne, kuma kuɗin datar daga aljihun mahaifinta ya fito.

To ga tambayata. Zan sake rubuta takardar. Shin in share tsohon bayanin gaba ɗaya, ko in bar shi a ƙasa saboda tarihi? Kuma wace dabara kuke yi don kada takarda ta sake zama a baya duk ranar da anka canja kayan aiki? Akwai kuma batun harshe: da Turanci take, ina tunanin ko in yi ta da Hausa.

Mai Linux

Wa alaikumus salam. Share shi, ƙanena. Kada ka bar ko layi ɗaya. Tarihi aikin Git ne, mai ajiye kowane canji da anka yi wa kod, ba aikin README ba. In kana tsoron ɓata, sa alama a kan kwamit (ajiyar canji a Git) na ƙarshe kafin ƙaura, ka kira ta `kafin-vite`, duk mai son tsohon bayani ya je can. Takardar da ke ɗauke da hanya biyu, sabon mutum ba ya sanin wacce ce tasa, kuma na ga inda mutum ya ɗauki rabin wannan ya haɗa da rabin waccan.

Game da tambayarka ta biyu, ni abin da na koya shi ne duk abin da kwamfuta za ta iya riƙewa, kada a bar wa takarda. Sigar Node kada ta tsaya a jimla cikin README, sa ta a `engines` cikin package.json. Sai dai ka sani npm gargaɗi kawai yake yi ya wuce, sai ka buɗe fayil ɗin .npmrc ka rubuta `engine-strict=true` sannan zai ƙi girkawa ga wanda Node ɗinsa ya tsufa. Da kana da wannan, da ɗalibarka ta ji gaskiya tun a umarnin farko. Node 18 ma ai tun ƙarshen Afrilun 2025 aka daina kula da shi.

Haka sunayen saiti. Ka ajiye fayil mai suna .env.example a cikin aikin, da sunayen gaskiya da misalin abin da ake cikawa, README ya ce a kwafe shi kurum. Sannan ka sa layi uku a farkon manhajar: in `VITE_API_URL` babu shi, ta tsaya ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa ga abin da ya ɓace. Kuskuren da ke ihu ba ya cin kwana biyu.

Kuma ka rubuta `npm ci` a maimakon `npm install`, don ya girka daidai abin da ke cikin package-lock.json, kowa ya samu irin abin da kake da shi.

Ni da ni ne ma da na ƙara `"start": "vite"` cikin jerin umarni, in kafa lambar a 3000 cikin vite.config. Hannun mutane ya saba, mi ya sa za a wahalar da su?

Maman Islam

Malam Mai Linux, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma banda share komai, kuma banda maganarka ta ƙarshe.

Ni ba ni rubuta kod sosai, aikina ɗora manhaja kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe ta a intanet, da amsa waya in ta lalace. Ɗan Mabera, bari in tambaye ka: duk makarantun naku sun koma sabuwar sigar? In akwai ko guda da ke kan tsohuwa, ranar da za ta kira ku ana gobe rabon sakamako, wanda zai ɗauki wayar yana buƙatar ya san akwai tsohuwar hanya kuma ga inda take. Ba na cewa a bar dogon bayanin ba. Sakin layi ɗaya ya isa, can ƙasa: a wata kaza mun bar Create React App mun koma Vite, ga dalili, tsohon bayani yana ƙarƙashin alama kaza. Alamar Git da ba wanda ya san da ita, daidai take da kuɗin da aka binne mai shi ya rasu.

Batun maida lamba 3000 da `npm start` kuwa, wannan rufa-rufa ce. Ɗalibar nan in ta samu matsala ta shiga intanet nema, duk abin da za ta gani 5173 ne da `npm run dev`. Ku bar ta ta koyi abin da sauran duniya ke yi.

Abin da ya sa na shigo ma ba wannan ba ne. Kana ta maganar README kamar shi kaɗai ne takardarku. Ya taɓa faruwa da mu: aka yi irin wannan ƙaura, aka gyara README tsaf, aka manta da 'yar takardar da nike bi wajen ɗorawa kan saba. Ita tana cewa a kwashe abin da ke cikin foldar `build`. Vite kuwa a `dist` yake zuba nasa. Tsohuwar foldar `build` tana nan kwance kan kwamfutar tun kafin ƙaura, ba wanda ya goge ta. Na kwashe ta na ɗora. Babu kuskure, babu jan rubutu, manhaja tana aiki, sai dai ta wata uku da sunka wuce ce. Mai kanti ya kira yana cewa gyaran da ya biya kuɗinsa bai gani ba, mu kuma muna rantsuwa mun yi. Sai bayan la'asar munka gane.

Don haka kafin ka rubuta komai, ka bincike aikin gaba ɗaya da waɗannan kalmomi: `REACT_APP_`, `react-scripts`, `3000`, `build`, `PUBLIC_URL`. Kada ka tsaya a foldar React. Shiga ɓangaren Laravel ka duba config/cors.php, inda ake jera adiresoshin da Laravel zai amsa wa, ina kyautata zaton localhost:3000 na nan zaune a ciki. Duba saƙon da kunka maƙala a saman zaurenku na WhatsApp. Duba takardar da ke manne a bango in akwai.

Wani abu kuma, tunda kun ce kuna bin kuɗin makaranta. Ka rubuta da manyan baƙaƙe a cikin .env.example cewa duk abin da ya fara da `VITE_` yana shiga cikin fayilolin da burauzar kowa ke saukewa. Makullin sirri na karɓar kuɗi ba ya shiga nan, wurinsa Laravel. Mai koyo in ya ga sunan .env sai ya ɗauka ɗaki ne mai kwaɗo.

Ɗan Mabera

Hajiya, kamar kina ofishinmu. Makaranta biyu suna kan tsohuwar, ɗaya a Wamakko ɗaya a Gawon Nama, sun ce sai bayan zangon farko. Kuma na duba cors.php yanzu: 3000 na nan, 5173 ma na nan, amma a kwamfutata kaɗai na ƙara shi, ban taɓa tura gyaran ba. Ke nan ko da ɗalibar ta rubuta sunan saitin daidai, da ta ci karo da wani bangon.

Ƙaramin Ɗalibi

Salamu alaikum manyanmu. Ni bara na gama nawa SIWES ɗin, don haka bari in yi magana ta bakin wanda ke karanta takardar.

Yaya Mai Linux, ka yi haƙuri, ku masu Linux kuna mantawa da cewa mu duka Windows gare mu. Na farko, PowerShell na iya ƙin gudanar da npm gaba ɗaya, ya ce an hana gudanar da irin waɗannan fayiloli a wannan kwamfuta. Wanda ya sani zai buɗe Command Prompt ya wuce abinsa. Wanda bai sani ba zai ɗauka Node ɗin ne bai girku ba, ya goge ya sake saukewa. Na yi haka sau biyu. Na biyu, umarnin kwafe fayil da ake rubutawa, `cp`, ba ya aiki a Command Prompt, can `copy` ne. Ƙaramin abu ne, amma nan mutum ke tsayawa. In kuma za a ce a sa .nvmrc, fayil ɗin da ke faɗa wa nvm, mai canja sigar Node, wacce zai ɗauka, a sani nvm na Windows daban yake da na Linux, ba ya karanta wannan fayil da kansa.

Sai babbar matsalar da ba wanda ke rubuta ta: filashi. A nan garin, in mu biyar ne a wuri, mutum ɗaya ke sauke `node_modules`, foldar kayan da npm ke girkawa, saura mu kwafa ta filashi don tattalin data. Da tsohon tsari sau da yawa muna tsira. Da Vite 7 kuwa akwai wani kayan aiki mai suna esbuild a ciki, kuma shi kowace irin kwamfuta da nata fayil ɗin. In ka kwafo daga mai Linux ko Mac ka kai Windows, zai ce maka an girka shi don wata na'ura daban. Ogan da na yi aiki a wurinsa Mac gare shi, ya ba mu filashi da kyakkyawar niyya, munka wuni a kai. In za ka rubuta, ka rubuta cewa kwafa tana yi ne kawai tsakanin kwamfutoci iri ɗaya. Kuma don Allah ka gwada ka ga megabait nawa girkawar ke ci, ka rubuta a sama, mutum ya san ko datarsa za ta kai kafin ya fara.

Game da harshe, ni ra'ayina bayani da Hausa, umarni da saƙon kuskure a bar su yadda kwamfuta ke fitar da su, harafi da harafi. Domin in jan rubutu ya fito, abin da mutum ke yi shi ne ya nemi waɗannan kalmomi a cikin takardar. In ya same su, hankalinsa ya kwanta, ya san wani ya taɓa wucewa ta nan.

Roƙo na ƙarshe: ka cire kalmar "kawai" da "mai sauƙi ne" daga ciki. In takarda ta ce abu mai sauƙi ne, kai kuma ka kasa, ba ka iya zuwa ka tambaya. Na tabbata abin da ya rufe bakin 'yar uwar nan ke nan.

Mai Linux

Ƙaramin Ɗalibi ya yi gaskiya kan Windows, na karɓa. Hajiya ma na janye batun 3000. Amma in za a bar 5173, a sa `strictPort: true` a vite.config. In ba haka ba, duk lokacin da lambar ke hannun wani abu, Vite zai zame zuwa 5174 shiru, Laravel kuma ya ƙi amsa masa, a koma gidan jiya.

Hausa da Turanci kuwa, ina jan kunne: takarda biyu wahala biyu ce. Ɗaya za a riƙa gyarawa, ɗayar ta tsufa. A zaɓi guda.

Malamin Runjin Sambo

Na karanta duka, kowa ya kawo alheri. Ni abu guda zan ƙara, daga shekarun da na yi ina koyar da yara a ɗakin kwamfuta.

Ɗana, kai ba ka iya gwada wagga takarda. Ba don ba ka da ilimi ba, sai don kwamfutarka ta riga ta san hanya. Ka gani da idonka: gyaran cors.php na zaune wurinka kai kaɗai, ba ka ko tuna ka yi shi ba. Akwai irinsa da yawa da hannunka ke yi ba tare da ka sani ba. Mai gida ba ya tuntuɓe da dokin ƙofarsa ko cikin duhu, baƙo shi ka faɗa maka inda yake.

In ka gama rubutawa, nemo wanda bai taɓa ganin aikin ba, da kwamfutar da ba a taɓa girka komai a kanta ba. Ka zauna bayansa da takarda da biro. Kada ka taɓa madannai, kada ka yi magana. Zai yi maka wuya, bakinka zai yi ta ƙaiƙayi. Duk inda ya tsaya ya waiwayo ka, rubuta wurin, nan takardar ta gaza. In ya tambaye ka, amsar ba a baki za ka ba shi ba, rubuta ta cikin README ka ce ya sake karantawa.

Kuma ita ɗalibar, a ba ta riƙon takardar. Ita ce ta fi ku duka sanin inda ƙayar take, don ƙafarta ta taka. Bayan wata biyu za ta saba, ta manta kamar yadda kunka manta. A sa ta rubuta tun ciwon bai warke ba. Sannan ka kira ta gefe ka faɗa mata da bakinka cewa takardar ce ta yi kuskure, ba ita ba. Kada ka ɗauka ta gane da kanta.

Dabarar hana takarda tsufa kuwa, ban san wata ba illa doka tsakaninku ku uku: duk gyaran da ya taɓa package.json ko vite.config ko .env.example, ba a haɗa shi da babban reshe sai mai dubawa ya buɗe README ya karanta. A rubuta kwanan watan gwaji na ƙarshe a samanta, da irin kwamfutar da anka gwada a kai.

Ɗan Mabera

Allah ya saka da alheri, Malam, da ku duka. Na dawo in ba da labarin yadda ta kaya.

Na yi mata maganar ranar Alhamis, kamar yadda Malam ya ce. Ba ta ce komai ba sai "to, Yaya", amma da ta dawo ranar Litinin ta zo da littafinta, ashe duk kuskuren da ya fito mata ta kwafe shi da biro tun ranar farko, har guda tara. Ni huɗu na sani. Mun zauna tare munka rubuta sabuwar takardar, ita ke bugawa. Da Hausa munka yi, guda ɗaya tal, umarni da saƙonnin kuskure yadda suke. Tsohon bayani na share shi, na bar layi huɗu a ƙasa da sunan alamar Git da sunayen makarantu biyun da ba su ƙaura ba. Binciken da Hajiya ta ce in yi ya fito da wuri goma sha ɗaya, har da takardar ɗorawa kan saba, tana nan da `build` ɗinta.

Gwajin kuma ƙanen abokin aikina ya yi mana, yana aji biyu a jami'ar Ɗanfodiyo, da sabuwar kwamfutarsa mai Windows 11. Na zauna bayansa na harɗe hannu. Ya tsaya wuri uku. Na farko PowerShell, daidai yadda Ƙaramin Ɗalibi ya faɗa. Na biyu ya rufe baƙin allon da Laravel ke gudana a ciki don ya buɗe na Vite, saboda ba mu rubuta cewa biyun tare suke aiki ba. Abin da ban taɓa tunanin sai an faɗa ba. Na uku ya kai shafin shiga ya tambaye ni suna da kalmar sirri, sai na tuna ba mu ce a gudanar da `php artisan db:seed` mai ƙirƙiro asusun gwaji ba, ni kuwa asusun gwajina ya fi shekara biyu a kwamfutata. Ya gama cikin minti hamsin, da ɗauke wuta sau ɗaya a tsakiya.

Saura abu ɗaya da ban warware ba. Malamai da yawa da waya suke shigar da maki, don haka muna gwadawa a waya. Da can in kwamfuta da waya suna kan Wi-Fi ɗaya, buɗewa kurum muke yi. Vite sai an ƙara masa `--host` yake bari wata na'ura ta gan shi, na gano wannan, shafi yana buɗewa a wayar. Amma `VITE_API_URL` yana nuna localhost, wanda a waya yana nufin wayar kanta, ga shi adireshin kwamfutar yana canjawa duk lokacin da munka koma kan hotspot ɗin wani. Na ga ana maganar `server.proxy` a vite.config. Yaya Mai Linux, in na bi ta nan, ya zan rubuta shi a takardar yadda mai koyo ba zai ruɗe ba tsakanin saitin gwaji da na saba? Ɗalibar ta ce ita za ta gwada gobe in an kawo wuta.